Mizanin Kyamara a Kan Mai Zane

Duk wanda ya lura da zanen fuskoki da samarin Birnin Kudu da Gwaram ke ɗorawa a Facebook, ko suke kai wa masu muƙami kyauta, zai tarar yabon da ake musu iri ɗaya ne, wato a ce zanen ya fito sak kamar hoto. Har alƙalan gasa sukan jera hoton da zanen su yi ta neman bambanci, alhali wannan mizani ne da ke tauye fasaha, domin ya mai da mai basira bawan na'ura.

Yawaitar wayoyi na daga cikin sababai, amma babban sababi a ganina shi ne shubuhar da ta zauna a zukatan jama'a game da hukuncin sura. Tun da Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, tsohon Muftin Masar, ya yi bayanin cewa aikin kyamara tsare inuwa ne kamar yadda madubi ke nuna ta, sai fahimtar da ta iso ga talaka ta zama cewa hoto halal ne, zanen hannu kuwa haram, ba tare da tafsili ba. Alhali mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasar nan ke bi, shi ne haramcin ya keɓanta ga cikakkiyar surar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, wadda aka zana a takarda kuwa iyakarta karahiya. Saboda haka yaro mai baiwa, don tsoron zargi, yakan fake da kwafar hoto, yana ganin kusantar kyamara kusantar halal ce.

Sakamakon shi ne hannu ya ƙware, ido kuwa ya rasa ijtihadi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, kwaikwayo suka ƙi. Kuma zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka sayar a Landan a 2018 a kan sama da fam miliyan 1, abin da mai zanen ya hango na ɗabi'ar matar da ya zana ne ya ba shi daraja.

Masu kare salon kwafar hoto sukan ce yana koyar da haƙuri, yana kawo abin masarufi, suna kafa hujja da Kareem Waris, yaron da ya zana Shugaba Macron a Legas a 2018. Gaskiya ne, sai dai matakin farko ne na koyo.

Zane ba baƙo ba ne a ƙasar da ke da zane-zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya bincika a shekarun 1950. Wajibi ne malamanmu su fayyace hukuncin a majalisansu, masu shirya gasa kuma su sharɗanta zaunar da mutum a gaban ɗalibi ya zana shi da idonsa.