Kwalbar Guba a Kan Tebur



Shirinmu na yau a kan wata 'yar kwalba ne wadda duk girman kasuwar Malanville ba za ku same ta a can ba, domin a cikin wasa kaɗai take. Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar kan zauna kewaye da tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya zama wani jarumi. Sai mai jan labarin ya ce, "Kun shiga kogo, ga kwalba a kan dutse." A dokar wasan, launin ruwan da ƙamshinsa, har ɗanɗanonsa, duk na ruwan waraka ne, alhali guba ce. Wanda ya yi garaje ya kurɓa, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, 'yar'uwar ta lido, a ga ko jaruminsa zai sha da ƙyar.

A ganina wannan tatsuniya ce da aka yi wa doka, kuma Bahaushe ba baƙonta ba ne. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin wanda ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har ya cuɗanya da aljannu. Shekara da shekaru ana karanta shi a makarantu, ba mu ji ya mai da kowa boka ba. Bambancin kawai, a kan tebur yaro ba sauraro kaɗai yake yi ba. Shi zai yanke shawara: ya sha, ya bari, ko ya nemi wanda ya fi shi sani ya duba masa. Yaron da ya tashi a bakin Kwara, inda ruwa garau kan ɓoye tsargiya, wannan tsayawar kafin kurɓa ba ƙaramin abu ba ce gare shi.

Wani zai ce ai akwai sihiri a wasan, sihiri kuwa haramun ne, kuma gaskiyarsa. Amma mai sammu mutum na gaske yake nufi da sharri, ya kashe kuɗi wajen boka, ya binne laya a ƙofar gida. A nan kuwa da an naɗe takardar wasan gubar ta ƙare, kamar yadda Gizo kan tafi da an ce ƙurunƙus. Amurkawa ma sun yi wannan fargaba, har wata uwa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, ga shi yau ana yin sa a makarantu da ɗakunan karatu.

Maganar ƙwayar jefawa ita ce mai nauyi, domin akwai hadisin da ya hana wasan nardu, malamai da yawa kuma sun faɗaɗa hukuncin. Wannan ba na rainawa ba ne. Sai dai ƙwayar ba ita ce ran wasan ba. Ana iya ajiye ta, mai jan labari ya yi hukunci da hujjar da yaro ya kawo.

Don haka iyaye, in kun ji yaranku na zancen kwalbar guba, ku jawo tabarma ku zauna, ku ji labarin har ƙarshe.