Zafin bazara da fankar laptop: wa ke juya ta?

A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Filinge da sauran garuruwan Kurfai, cikin jihar Tillaberi, yakan wuce digiri 40. Su kuwa kamfanonin da ke ƙera laptop, irin su Lenovo, suna ba da shawarar a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ke nan malamin makaranta ko ma'aikacin magajin gari a Shikal da ya kunna kwamfutarsa da tsakar rana ya riga ya ɗora mata nauyin da ya fi wanda aka yi ta dominsa. Abin da ke tsakaninta da lalacewa shi ne wata 'yar fanka da ke ciki.

Fankar ba ta juyawa da ganin damarta. A cikin kowace laptop akwai wata ƙaramar na'ura da ake kira EC, wadda ke karanta ma'aunin zafi, ta ƙara wa fanka gudu ko ta rage, bisa tsarin da kamfani ya rubuta mata. Idan zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya kusa digiri 100, sai ta rage saurin aikinta don ta huce. In hakan bai isa ba, ta kashe kanta. Shi ya sa kwamfuta takan yi nauyi da rana, ko ta mutu ana tsakiyar aiki.

A Windows, mai kwamfuta ba shi da iko sosai a kan fankar, sai ta manhajojin kamfani kamar Lenovo Vantage. A Linux, tsarin da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991, lamarin ya bambanta. Zuciyar tsarin, wadda ake kira kanel, tana da ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, masu aikin tafinta tsakaninta da sassan kwamfuta. Na ThinkPad sunansa thinkpad_acpi, na Dell kuma dell-smm-hwmon. Wanda ya sa manhajar lm-sensors, ya rubuta sensors, zai ga zafin kwamfutarsa, a yawancin irin waɗannan kwamfutoci har da yawan juyin fanka a minti ɗaya.

Direban ThinkPad yana nuna gudun fanka, amma ba ya bari a canza shi sai an buɗe masa izini da fan_control=1. Daga nan ana iya zaɓar mataki daga 0 zuwa 7, ko a bar shi a auto, wato EC ta ci gaba da aikinta. Manhajar thinkfan tana yin wannan zaɓi da kanta, gwargwadon zafin da aka ƙayyade mata. Amfaninsa a ƙasa mai zafi shi ne a sa fanka ta tashi da wuri, tun kafin kwamfuta ta yi zafi.

Haɗarin kuma yana a mataki na 0, wanda ke tsayar da fanka gaba ɗaya. Inda wutar Nigelec ke yawan ɗaukewa, mutum na iya kashe fankar don batir ya daɗe. Wutar da fanka ke ci kaɗan ce idan aka kwatanta da allo, zafi kuwa yana tsufar da batir da wuri. Saboda haka ne masu rubuta direban suka kulle wannan iko tun farko, suka kuma sa masa agogon tsaro: idan an kunna shi, aka yi daƙiƙoƙin da aka ƙayyade, har zuwa 120, ba sabon umarni, zai mayar da fanka kan gudu mai aminci.

Duk da haka, direba ba ya share ƙura. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin mafitar iska har ta toshe shi, fanka ta yi ta ƙara iska ba ta fita. Kafin a taɓa kanel, gara mai gyara ya buɗe kwamfutar ya share ta, ya sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta. A gida kuma a ɗora ta a kan tebur ko allo, domin katifa da darduma suna rufe ramukan iskar da ke ƙarƙashinta.