Tuƙin Mota a Hanyar Duwatsun Azbin daga Arlit

An kafa garin Arlit a shekarar 1969 saboda ma'adinin yuraniyom. A ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa masa hanyar kwalta wadda ta biyo ta Agadas daga Tawa, domin fitar da ma'adinin. Amma idan ka bar Arlit ka nufi gabas, zuwa Gugaram da Iferwan a cikin duwatsun Azbin, to ka yi sallama da kwalta. Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, sai dai kada wannan ya ruɗe ka. A wannan hanya da sa'o'i da yawan ruwan da ka ɗauka ake lissafin nisa.

Yanayin hanyar

Za ka gamu da rairayi mai laushi, da fili mai tsakuwa, da hawa da gangara a tsakanin duwatsu. Azbin ƙasa ce mai tudu. A nan ne dutsen Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. A wurare da yawa hanyar tana ratsa ƙoramu, wani lokaci ma a cikinsu take bi. Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwa yakan sauka a kan tsauni mai nisa, ƙorama ta cika ta taho da ƙarfi alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba. Irin wannan ruwa ne ya rushe gidaje da dama a Agadas a watan Satumba na 2009.

Kafin ka tashi

1. Ka sami mota kat-kat mai lafiya, a duba birki da lagireto.
2. Ka ɗauki tayoyin safaya biyu, da jak, da famfon iska, da shebur, da igiya mai ƙarfi.
3. Ka ɗauki man zuwa da dawowa, da ƙari.
4. Ka tanadi aƙalla lita 6 na ruwan sha ga kowane mutum a kowace rana, har da na kwana biyu da ba ka yi niyya ba. Ruwan mota daban.
5. Ka sanar da jandarmomi, ka tambayi halin tsaro, ka bi ƙa'idar rakiya idan an sa ta.
6. Ka tafi da ɗan ƙasa wanda ya san hanya. Matambayi ba ya ɓata. Mota biyu ta fi ɗaya.

A kan hanya

A cikin rairayi ka rage iskar taya, domin ta shimfiɗu kada ta nutse. Da ka hau dutse ka mayar da iskar, don kaifin dutse yana yanka taya mai laushi. A gangara ka sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar. Birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Kada ka shiga ƙoramar da ke gudu, kuma kada ka kwana a cikinta ko da a bushe take. Ka bi sawun motocin da suka riga ka, saboda an binne nakiyoyi a Azbin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. Ka tsaya kafin faɗuwar rana.

Idan mota ta lalace

Kada ka bar ta. Ana hango mota daga nesa, mutum kuwa ba a ganinsa. Ka yi inuwa, ka rage motsi da rana, ka raba ruwa da ma'auni. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar da ke arewacin Arlit, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ba a cikin duwatsu abin ya faru ba, amma darasin ɗaya ne.

Don haka kafin ka tayar da mota, ka gaya wa wani ranar da za ka isa, da ranar da zai fara nemanka idan ya ji shiru.