YADDA A KE ƊAURA ƘUGIYA MAI GASHI DOMIN KAMUN KIFI

Ya kai manomi da ke zaune a bakin ruwa, ka sani in an kawar da amfanin gona, rani ya shigo, ruwa ya kwanta, to, lokacin fatsa ya yi. Ko a Kwara ka ke, ko Binuwai, ko gefen tafkin Kainji da aka tare a 1968, ko na Tiga na 1974, akwai manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, watau giwan ruwa da tsage da tufi. Waɗannan su ne masu tsada a kasuwa. Amma mai neman su ya kan ɓata rabin yini wajen neman koto, ya kashe ƙananan kifaye waɗanda da an bar su da sun girma baɗi.

Akwai dabarar da ta raba ka da wannan wahala. A kan ɗaura wa ƙugiya gashi, a sa mata nauyi a ka, har in ta shiga ruwa ta yi kama da ɗan kifi mai rauni. Babban kifi ya gani ya kai mata cafka. In ɗaurin ya yi kyau, ƙugiya ɗaya ta kama kifi da yawa. In kuwa an yi shi da garaje, kifin farko zai tsige gashin ya bar ka da ƙarfe tsirara.

1. Abin da za ka tanada

Ƙugiya mai kauri mai doguwar ƙafa, wadda ba ta yi tsatsa ba. Zaren roba siriri, gama zaren auduga ya kan ruɓe a ruwa. Kakin zuma. Wayar jan ƙarfe irin ta cikin tsohon injin. Gashin wutsiyar akuya ko gemun bunsuru, da gashin wuyan zakara ko na zabo. Sa'an nan reza, da jan farce irin na mata, ko gam wanda ruwa ba ya narkarwa. Gashin akuya ya fi na tsuntsu jure haƙori, na tsuntsu kuwa ya fi rawa a ruwa, saboda haka a kan haɗa su.

2. Nauyin kai

Ka kafa bakin ƙugiyar a jikin icce don kada ta yi motsi. Ka naɗa wayar jan ƙarfe a bayan idon ƙugiyar, zagaye bisa zagaye, har ta yi dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa. Nauyin giram 7 zuwa 14 ya isa a ruwa mai kwanciya, wurin da ruwa ke gudu kuwa sai ka ƙara. Tilas nauyin ya zama a ka, domin shi ke sa ƙugiyar ta nutse da kai ƙasa kamar kifi mai kiwo.

Waɗansu su kan narka darma su zuba. Kada ka yi wannan a gida. Darma guba ce, ƙurarta da hayaƙinta suna lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙasar Zamfara saboda ƙurar darma da ke cikin duwatsun zinariya da a ke niƙawa a gidaje. In ba makawa sai darma, ka sayi ta taru wadda aka riga aka ƙera, ka matse ta da filaya, kada ka sa haƙori, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

3. Ɗaurin gashi

Nan ne ƙarkon aikin ya ke, sai ka natsu. Ka goga wa zaren kaki. Da fari ka naɗe ƙafar ƙugiyar da zare zalla, tsawon rabin inci daga bayan nauyin, ka shafa gam kaɗan. Wannan shimfiɗa ita ke hana gashi zamewa, gama ƙarfe santsi gare shi.

Sa'an nan ka ɗauki gashi ɗan kaɗan, kaurin tsinken ashana biyu, ka aza bisa shimfiɗar. Zagaye biyu na fari ka yi su da sassauci don gashin ya zauna, sa'an nan ka ja da ƙarfi zagaye biyar. Ka juya ƙugiyar ka aza wani a ɗaya gefen, haka har sau uku ko huɗu. Kada ka ɗaura dami guda gaba ɗaya, domin zare na waje kaɗai zai kama, na tsakiya ya zare. Tsawon gashin kada ya wuce ninki biyu na ƙugiyar, in ya wuce, kifi ya kama jela ya bar ƙarfe. Gashin zakara biyu su zo daga ƙarshe, ɗaya dama ɗaya hagun.

Ka yanke gindin gashin a karkace da reza, ka rufe shi da zare sarai.

4. Ƙulli

Ka lanƙwasa wani guntun zare ya yi zarge, ka kwantar da shi bisa ɗaurin. Ka naɗa zarenka a kansa sau shida, ka yanke, ka zura bakin cikin zargen, ka jawo zargen. Bakin zaren zai shige ƙarƙashin naɗin, ba ya kwancewa. Ka shafa jan farce, ya bushe, ka sake shafawa, kada ka bari ya toshe idon ƙugiyar. Ka bar ta ta kwana kafin ta taɓa ruwa.

5. A bakin ruwa

Farin gashi ya fi a ruwa mai garau, baƙi ko ja a ruwa mai laka. Inda akwai tsage, ka sa waya taƙi ɗaya tsakanin ƙugiya da igiya, gama haƙoransa suna datse zare. Ka jefa da asuba ko da almuru, a gurbi mai zurfi ko gindin duwatsu. Ka bari ta kusa ƙasa, ka ɗaga sanda kamu ɗaya, ka sake ta ta koma. Yawanci lokacin komawar nan kifi ke cafka, saboda haka kada igiya ta yi sako-sako.

In ka dawo, ka shanya ta a inuwa kafin ka adana, don tsatsa. Ka wasa bakinta, ka gwada a farce: in ta kama ta yi kaifi, in ta zame sai a ƙara.

Ku kuma dagatai da sarakunan ruwa, ku sa a karanta wannan takarda a gaban jama'a, ku nemi mai hannu ya gwada wa samari. Ku tsawata wa masu zuba majimfa ko maganin ƙwari a ruwa, gama guba ba ta zaɓen babba da ƙarami. Ƙugiya kuwa ɗaya ɗaya ta ke ɗauka, ta bar iri a ruwa, masunta na baya su ma su sami abin kamawa.