Yadda Malaman Katolika Ke Auna Nagarta Da Mugunta

A cikin fannonin da ake koya wa duk mai neman zama fada a ɗarikar Katolika, akwai wani da ake kira tauhidin ɗabi'a, watau ilmin gane aikin da ya dace da wanda bai dace ba. Ana karanta shi a manyan jami'o'in birnin Rum, haka kuma a makarantun horar da limaman coci na ƙasar nan, kamar ta Waliyyi Agustin da ke Jos. Ya kamata ma'aikaci ko ɗalibi ya san wani abu game da shi, domin da ma'auninsa ne asibitoci da makarantun Katolika ke yanke shawara a kan al'amuran rai da mutuwa.

Asalin wannan fanni wata bukata ce ta yau da kullum. A shekarar 1215 babban taron Lateran na huɗu ya wajabta wa kowane Bakatolike ya furta zunubansa gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara. To, sai ya zama tilas fada ya iya bambanta babban zunubi da ƙarami. A ƙarnin nan ne kuma Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗora ilmin bisa harsashin hankali, ya amfana da Aristotal, ya kuma yi nazarin Ibn Sina da Ibn Rushd. A ganinsa, aiki ba ya zama nagari sai abubuwa uku sun gyaru: aikin kansa, da niyyar mai yi, da halin da aka yi shi a ciki.

Bayan taron Tirent, wanda aka rufe a 1563, an kafa makarantun horar da fada, aka kuma wallafa littattafai masu warware mas'aloli ɗaya bayan ɗaya. Wasu malamai suka yi sassauci har Bafaranshen nan Paskal ya yi musu ba'a a wasiƙunsa na 1656, wasu kuwa suka tsananta har suka sa mutane fid da rai. Alfonso Liguri, wanda ya rasu a 1787, shi ne ya shahara da bin tsaka-tsaki.

Ga misalin yadda ake aiki da ma'aunin. Majinyaci yana fama da azaba a ƙarshen rayuwarsa, maganin da zai rage masa zafi kuwa yana iya gajarta kwanansa. A 1957 Paparoma Piyus na 12 ya ce ba laifi a ba shi, muddin manufar ita ce rage zafin. Amma ba da magani da niyyar kashe shi haramun ne, ko da shi ya roƙa.

Babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya nemi a mai da fannin ga Littafi Mai Tsarki, a rage ƙidayar laifuffuka, a koya wa mutum yadda zai zama nagari. Sai dai gardama ba ta ƙare ba. A 1968 Paparoma Bulus na 6 ya tabbatar da hana amfani da magungunan hana haihuwa, malamai da yawa suka fito fili suka ƙi yarda, suna kafa hujja da lamirin ma'aurata. A 1993 Paparoma Yahaya Bulus na 2 ya amsa musu cewa akwai ayyukan da kyakkyawar niyya ba ta taɓa halatta su.

Duk da haka, hukunci yakan sauya. Ruwan bashi, wanda aka haramta a da, an sassauta a kansa. A 2018 Paparoma Faransis ya gyara littafin koyarwar cocin, ya ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, bayan ya sa lalata muhalli cikin al'amuran ɗabi'a a 2015.

Tambayar da ke gaban ɗalibin wannan fanni a yau ita ce wadda ta dami magabatansa: a ina doka ta tsaya, a ina kuma lamirin mutum ya fara? Likita da alƙali da mai riƙe da amanar jama'a, kowa yakan ci karo da ita a bakin aikinsa.