Daga Agadez zuwa Timiya da Bagzan: yadda ake shirya tafiyar duwatsun Abzin

Duk wanda ya taɓa sayen albasa, tafarnuwa ko dankalin turawa a kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, mai yiwuwa ya ci amfanin duwatsun Abzin bai sani ba. Daga lambunan Tabelot da Timiya da saman dutsen Bagzan ake loda wani kaso na wannan kaya zuwa kudu. Sai dai matasa da yawa na biranen kudancin Nijar sun san Kano da Kwatano, wasu har Tripoli da Paris, amma ba su taɓa taka waɗannan duwatsu da ke cikin ƙasarsu ba.

Tafiyar mai yiwuwa ce, kuma ta cancanci wahalarta. Amma ba irin wadda ake yanke shawararta a fada da dare a kama hanya da asuba ba ce. Abu uku ne ke yanke hukunci a kanta: lokacin shekara, mutumin da ke riƙe da sitiyari, da kuma halin tsaro na makon da za a tashi.

Abzin ba baƙon wuri ba ne

Abzin, wanda taswira ke kira Air, jerin duwatsu ne da ya miƙe daga arewacin birnin Agadez ya nufi iyakar Aljeriya. A cikinsa ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, wato Idukal-n-Tages da ke kan Bagzan, mai tsawon mita 2,022. A shekarar 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Air da Tenere cikin jerin wuraren tarihi na duniya, sai kuma tsohon birnin Agadez ya bi baya a 2013.

Ga Bahaushe, alaƙar ta girmi waɗannan takardu. Tarihin baka na Gobirawa na nuna cewa kakanninsu sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu. Shekaru aru-aru kuma ayarin raƙuman Abzinawa na zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, ya kawo su ƙasar Hausa ya koma da gero. Har gobe Hausa ce harshen ciniki a Agadez, kuma a yawancin ƙauyukan duwatsu ba a rasa mai jin ta, ko da yake Tamashek ne harshen gida.

A da, baƙi 'yan ƙasashen waje ne ke cika wannan hanya. A shekarun 1980 gasar tseren motoci ta Paris-Dakar na ratsa Agadez, kamfanonin yawon buɗe ido kuma na ɗaukar direbobi, 'yan jagora da masu dafa abinci. Tawayen shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, sannan sace ma'aikata bakwai a Arlit a watan Satumban 2010, sun durƙusar da harkar. Da yawa daga cikin direbobin sun koma jigilar matafiya zuwa Libiya ko aikin zinariya bayan gano ta a Jado a 2014. Waɗanda suka rage a sana'ar, da maƙeran azurfa da mata masu ɗinkin fata, yanzu baƙon cikin gida suke jira.

Lokacin da ya dace

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya. Da rana ana iya tattaki ba tare da galabaita ba, amma da dare sanyin duwatsu ba na wasa ba ne. A saman Bagzan yakan kai ruwa ya daskare. Bargo mai kauri, rigar sanyi da rawani ko hula mai rufe kunne ba kayan ado ba ne a nan.

Daga Afrilu zuwa Yuni zafi na haura digiri 40, hawan dutse ya zama ganganci. Damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, tana da nata haɗarin. Hanyoyin Abzin da yawa cikin kori suke bi, wato busassun rafuka masu yashi. Ana iya yin ruwa a kan dutse mai nisa, kori ya cika ya taho da ƙarfi a inda ko hadari ba a gani ba. Mutanen Agadez ba su manta da ambaliyar korin Telwa ta Satumban 2009 ba, wadda ta rusa gidaje masu yawa a birnin. Shi ya sa ba a kwana a tsakiyar kori, komai laushin yashinsa.

Mai son haɗa tafiyar da biki zai iya duba lokacin bikin Air na Iferwan, wanda ake yi a lokacin sanyi. Bikin Bianu na Agadez yana bin kalandar Musulunci ne, a watan Muharram.

Isa Agadez

Agadez ce ƙofa. Daga Yamai tazarar ta kai kusan kilomita 950, ta Doso, Dogonduci, Konni, Tahoua da Abalak. Daga Tahoua kusan 400 ne, a kan hanyar da aka fi sani da hanyar yuraniyom. Daga Damagaram kuwa kusan 450 ne, ta Tanut da Aderbisinat. Mutumin Maraɗi na da zaɓi biyu: ya bi ta Damagaram ko ya zaga ta Konni da Tahoua. Manyan motocin kamfanonin sufuri na zuwa Agadez daga duk waɗannan birane, don haka babu dalilin wahalar da ƙaramar motar gida. Inda kwalta ta ƙare, aikinta ya ƙare.

Ya kamata a ware wa Agadez kwana ɗaya cikakke. Akwai babban masallacin da aka gina a farkon ƙarni na 16, aka sake gina shi a 1844, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27. Akwai fadar Sarkin Abzin, da gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850, da rumfunan maƙeran da ke ƙera sanannen gicciyen azurfa na Agadez. A wannan rana ce kuma ake kammala cefane, a duba mota, a yi magana da hukuma.

Mota da direba

Motar hanyar Abzin ita ce kat-kat, kuma mota biyu sun fi ɗaya: in ɗaya ta lalace, ɗayar ta nemo taimako. Zagayen Agadez, Timiya, Iferwan, Arlit, a dawo Agadez ya haura kilomita 700, mafi yawansa kan duwatsu da yashi inda mota ke shan mai fiye da kan kwalta. Kada a dogara da samun mai a ƙauyuka. Ana tashi da jarkoki cike, da tayoyin safaya biyu, da shebur, da igiyar ja.

Direba ya zama ɗan yankin, wanda ya san hanya kuma hanya ta san shi. Taswirar wayar salula ba ta san korin da ya canja wuri a daminar bara ba, ba ta kuma san ƙauyen da ya kamata a tsaya a gaida mai gari ba. Kafin a biya kuɗin kafin alƙalami, a yi magana dalla-dalla: wa zai sayi mai, wa ke da alhakin gyara in mota ta lalace, kwana nawa, abinci na kan wa. Abokai shida zuwa takwas da suka haɗa kuɗi sun fi samun sauƙi, domin hayar mota ce ke cin mafi yawan kasafin.

Zangon farko: hanyar Timiya

Daga Agadez hanya na bin korin Telwa zuwa Dabaga, garin lambuna, sannan ta shiga cikin baƙaƙen duwatsu ta Elmeki, inda aka taɓa haƙar kuza. Timiya na da nisan kusan kilomita 220, amma lissafin awa ake yi, ba na kilomita ba: wuni guda ne cur, wasu ma kwana suke a hanya.

Timiya zango ne na kwana biyu. Lambunanta na ba da lemu, rumman da dabino, kuma lokacin sanyi ne kakar lemu. Tattakin farko mai sauƙi ne: hawan tudun da Faransawa suka gina ganuwar Massu a farkon shekarun 1950, inda ake hango koren kwari kwance tsakanin duwatsu. Na biyu shi ne zuwa magangarar ruwan Timiya, 'yan kilomitoci daga gari, inda ruwa ke zubowa daga tsagin dutse cikin wani tafki. A nan makiyaya ke shayar da dabbobi, don haka ba wurin sabulu da wanki ba ne.

Zango na biyu: Asode da Iferwan

Arewa da Timiya akwai kufan Asode, tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar ayari a Abzin. Ya fara mutuwa ne da raguwar cinikin Sahara, ya ƙarasa zama kufai a zamanin yaƙin Kawsan da Faransawa na 1916 zuwa 1917. Bangayen gidaje na dutse da ragowar masallaci na nan tsaye. Sa'a biyu sun isa a zaga. Fasassun tukwane da ke warwatse a ƙasa kayan tarihi ne. A kalla, a ɗauki hoto, a bar su inda suke.

Iferwan na gindin dutsen Tamgak, kuma daga nan ake shiga kwarinsa da ƙafa tare da ɗan jagora. Mai sa'a zai iya hango barewa ko ragon dutse. Daga Iferwan hanya na yin yamma zuwa Arlit, inda ake sake hawa babbar hanya mai kusan kilomita 240 zuwa Agadez.

A kan wannan hanyar dawowa ne Dabus take, kimanin kilomita 110 arewa da Agadez. A jikin wani falalen dutse an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya kai mita 5.4, kuma masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000, tun lokacin da Sahara ke da ciyawa da ruwa. Ba a taka zanen, ba a zuba masa ruwa don hoto ya fito, ba a rubuta suna a gefensa.

Bagzan: ga masu ƙarfin gwiwa

Bagzan tafiya ce ta daban, ta ɓangaren Tabelot a arewa maso gabashin Agadez, kuma tana buƙatar ƙarin kwana uku ko huɗu. Masu tattaki na barin mota a gindin dutse su hau da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya. Hawan na cin sa'o'i da dama a kan hanya mai tsakuwa da manyan duwatsu. A sama kuwa ba tsini ba ne, fili ne mai faɗi da ƙauyuka, maɓuɓɓugan ruwa da lambunan dankali da tafarnuwa.

A fara hawa da sassafe. Takalmi ya zama rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo fil ba. Kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla lita huɗu zuwa biyar a rana. Mai ciwon zuciya, asma ko hawan jini ya ga likita kafin ya sa kansa, domin daga saman Bagzan asibiti na da nisa. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Maganar tsaro

A nan ne ba a rufa-rufa. An dasa nakiyoyi a wasu sassan Abzin lokacin tawayen 2007, wanda ya sa barin hanyar da motoci ke bi kuskure ne babba. Akwai 'yan fashi, musamman a hanyoyin da ke kaiwa wuraren haƙar zinariya. A 2025 an sace wasu mata biyu Turawa a cikin birnin Agadez, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu.

Saboda haka, kafin a tashi a je wurin jandarma ko ofishin gwamna a faɗi hanyar da za a bi, a ji abin da za su ce. Suna iya sharɗanta rakiyar jami'an tsaro, suna iya cewa a dakata. In sun ce a dakata, an dakata ke nan, ko da an riga an biya mota. 'Yan Nijar mazauna waje da ke shirin zuwa da iyali ko abokai masu fasfo na wata ƙasa su yi wannan tambaya tun kafin sayen tikitin jirgi, domin ƙa'idar baƙi ta fi tsanani.

Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa, ana tambayarsa a shingaye. Ba a tafiyar dare. Ba a ɗaukar hoton sojoji ko wurarensu. Layin salula na ɗaukewa da zarar an yi nisa da manyan garuruwa, don haka a bar wa wani a gida jadawalin tafiya da ranar dawowa, a kuma tambayi direba ko yana da wayar tauraron ɗan adam. Hotuna a Facebook da TikTok su jira sai an bar wuri; sanar da duniya inda za a kwana yau ba wayo ba ne.

Abin da baƙo zai bari

A tafi da tsabar kuɗi ƙanana, domin babu banki a ƙauyuka. A sayi lemu a hannun mai lambu, azurfa a hannun maƙeri, a biya ɗan jagora da mai jaki haƙƙinsu ba tare da ja-in-ja mai yawa ba. Ganyen shayi da sukari kyauta ce da ake karɓa hannu biyu a kowane zango. A nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, musamman mata. Itacen yankin kaɗan ne, don haka tukunyar gas ta fi sare reshe, leda da gwangwani kuma su koma Agadez cikin mota.

Gaba ɗaya, zagayen Timiya da Iferwan na buƙatar kwana shida zuwa bakwai daga Agadez, ban da hanyar zuwa da komawa gida. Mai hutun mako ɗaya kacal gara ya tsaya a Agadez da Timiya, ya bar Bagzan sai wani sanyin. Wanda kuma ke son tafiya a Disamba, tun watan Oktoba ya kamata ya fara neman direba da tara abokan tafiya.