Wiwin Cikin Jiki da Haihuwar Bakwaini

A ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, idan mace ta haihu tun cikinta bai isa ba, akan ce ta haifi bakwaini. A wurin likitoci kuwa, bakwaini shi ne duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37. An ƙiyasta cewa an haifi irinsu miliyan 13.4 a duniya a shekarar 2020, Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Kumburi na daga cikin manyan dalilan. Idan ƙwayoyin cuta suka kama mafitsara ko al'aurar mai ciki, ko zazzaɓin cizon sauro ya sauka a mabiyiya, sai garkuwar jiki ta tashi yaƙi. Wasu sinadaran da ake saki a wannan yaƙi su ne dai masu sa mahaifa ta fara murɗawa ranar haihuwa. Ke nan ciwo na iya kiran naƙuda tun lokacinta bai yi ba.

To, me ya sa mata biyu za su kamu da ciwo ɗaya, wannan ta haihu da wuri, waccan ta kai wata tara? Wata amsa ta ɓullo daga binciken tabar wiwi. A 1990 aka gano wata makarɓa a jikin ƙwayoyin halitta, mai suna CB1, inda sinadarin wiwi ke maƙalewa. A 1992 Raphael Mechoulam da abokan aikinsa suka gano cewa jiki ma yana yin nasa sinadarin, anandamaid, mai shiga wannan makarɓa. Mahaifa na da su duka, tana kuma da wani sinadari, FAAH, wanda ke rusa anandamaid idan ya yi yawa.

A 2016 masu bincike a birnin Cincinnati na Amurka suka ɗauki ɓeraye masu ciki waɗanda ba su da FAAH. Anandamaid ya taru, shimfiɗar mahaifarsu ta tsufa da wuri. Da aka yi musu allurar ɗan dafin bakteriya, sai suka fi sauran ɓeraye saurin haihuwa kafin lokaci. Abin mamaki, tun a 2008 an ga cewa ɓerayen da ba su da CB1 sam su ma suna haihuwa da wuri. Yawan saƙon illa ne, rashinsa ma illa ne.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne: cikinsa kwana 20 ne ko ƙasa da haka, kuma abin da ke tayar masa da naƙuda ya ɗan bambanta da na 'yan Adam. Amma an tabbatar cewa sinadarin tabar wiwi, THC, yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, yana shiga CB1, kuma FAAH ba ya iya rusa shi.